Hausar Tawa a Gidan Alhaji Sanni

Duk unguwar Alabar an san Madam Safiatu da saurin tafiya da saurin fushi. A nan aka haife ta, a gidan Alhaji Sanni mai goro. Ta sha ƙurar alli a makarantun firamare har furfura ta fara leƙo mata, sannan ta samu aiki a jami'a, a sashen da ke koya wa ɗaliban ƙasashen waje Turanci. Kullum da safe sai ta hau motar haya ta tirotiro ta bi ta Oforikrom, ta je ta tarar da yaran Nijar da Mali da Burkina, masu kaifin kai ƙwarai, waɗanda da an ce su yi magana da Turanci sai bakinsu ya mutu. A ƙarshen shekara akwai gwajin baka a gaban malamai. Wanda ya ci ya shiga karatun da ya kawo shi, wanda ya faɗi ya tattara kayansa ya koma gida.

Ɗalibi mai nauyin kai bai taɓa ba Safiatu tsoro ba. Zango, unguwarsu ta masu jin Hausa, take tsoro. Yaron da ba ya jin Hausa dole ya yi Turanci, in ba haka ba ya kwana da yunwa. Ɗan Nijar kuwa, daga mai koko har mai gyaran waya, kowa da Hausa zai tare shi. Abin da ta zuba masa a aji da safe, kafin la'asar zango ya wanke shi tas.

Sai ga Abdulnasir, ɗan Tawa ta Nijar, ya zo neman ilimin haɗa magunguna. Wani ɗan uwa ne ya turo shi gidan mahaifinta, Alhaji ya ba shi ɗaki kusa da zaure. Safiatu har murna ta yi, a tunaninta yaro ya faɗo hannunta. Ba ta san hannun wa ya faɗo ba.

Alhaji Sanni ya baro Tawa tun yana saurayi. Abokan da suka zo tare duk sun riga shi gidan gaskiya, 'ya'yansa Hausar zango suke yi, jikoki kuwa in ya kira su da Twi, yaren 'yan ƙasa, suke amsawa. Ranar da yaron ya durƙusa ya gaishe shi da harshen garinsu, tsohon ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

"Ƙara hwaɗi in ji, yaro," in ji shi, idonsa ya cika da hawaye.

Shi ke nan fa. Bayan la'asar tsofaffi su cika zaure, a tambayi Abdulnasir rijiyar kaza tana nan, gidan wane ya rushe ko yana tsaye. Mata su turo 'ya'yansu su zauna su ji Hausar asali. Safiatu ta dawo daga aiki a gajiye, ta tarar da ɗalibinta a tsakiyar taro yana zuba kamar rediyo, shi da a aji sai ta yi kamar ta haƙo kalma daga bakinsa. Takaici ya hana ta cin abinci.

Ta kafa doka, ba Hausa tsakaninta da shi. Alhaji ya ce a gidansa ba a gaida baƙo da bakin Nasara. Ta ce to a bar mata shi da yamma. Alhaji ya ce yamma ta manya ce. Da ta tsare yaron sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, in Baba Alhaji ya kira ni, ya zan ce ba ni zuwa?" Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona mata rai.

Da ta yi musu gwajin gwaji a aji, Abdulnasir ya tsaya gaban allo yana zufa. Ya san amsar, ta ga ya san ta, amma ta ƙi fitowa. Ranar Safiatu ba ta tsaya cire takalmi ba ta shiga wajen mahaifinta.

"Baba, na samo masa ɗaki a Atonsu, gidan wata abokiyar aikina. Ba mai jin Hausa a can koraa, ko mutum ɗaya."

"Baƙona za ki kora? Mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da za su ce. Kai kana jin daɗin hira, shi yana faɗuwa. In aka maida shi Tawa hannu wofi, tsofaffin zauren nan ne za su je su yi wa uwarsa bayani?"

Yaro ya tashi ya koma Atonsu. Zaure ya watse, unguwa ta ɗauka cewa boko ya ci kan Safiatu har tana korar baƙi daga gidan ubanta. Ta toshe kunne. A aji kuwa bakin Abdulnasir ya fara buɗewa, kaɗan-kaɗan, ta ga gwajin zai yiwu.

Wata Juma'a, gwaji ya matso, yaron ya biyo bayan masallaci ya zo gaisuwa. Safiatu tana tsakar gida tana jiyo su, ta riga ta haɗe rai, tana jiran a ɓalle da labarin rijiyoyi. Abdulnasir ya durƙusa ya fara gaisuwar Tawa. Alhaji ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi.

"Welcome," in ji tsohon, da Turancin kasuwar goro. "Sit down. School fine?"

"Fine, Baba."

Iyakar Turancin Alhaji ke nan. Suka zauna a kan tabarma ɗaya, kowa cike da magana, ba wanda ya ƙara cewa uffan. Safiatu ta samu abin da ta yi ta faɗa a kansa shekara guda. Ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, don ba ta iya sauraron shirun nan ba.