Tsamiyar Ƙofar Gidan Malam Garba

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da aka zo duba layina na unguwar Madabo ba. Ku sababbin ɗauka ku saurara, don ku ma cikin gari za a tura ku.

Ni lebura ne a sashen dashen itatuwa, tun da aka ɗauke ni kuma ban wuce lebura ba. Aikinmu mu ɗauko dashe daga gandun raino, mu haƙa rami, mu zuba taki, mu dasa, sannan a ba kowa layinsa ya riƙa ban ruwa har itace ya kama ƙasa. A da, furannin waje muke dasawa, bazara na shigowa su bushe. Wata damina sai shugabanmu ya ce daga yanzu itatuwan gida za a dasa, su suka san zafin Kano, ga inuwa, ba sa kuma neman ruwa kullum. Ya ce duk wanda layinsa ya mutu kafin zagayen dubawa, sashen yashe kwata za a mai da shi. Ni kuwa bayana ya riga ya gaji. In na shiga kwata sai dai a fito da ni a baro.

Aka ba ni maɗaci, magarya da tsamiya. Maɗaci da magarya har rububinsu aka yi, kowa yana so a ƙofar gidansa. Tsamiya ce ba mai so. Wurin da aka auna mata ya faɗo daidai ƙofar wani dattijo, Malam Garba, mai ba da karatu a zaure. Ina cikin haƙa ya fito.

"Bawan Allah, me kake binne mana?"

"Tsamiya ce, Malam."

"Duk itatuwan Allah ka rasa wanda za ka kawo min sai gidan aljanu? Ina da jikoki fa."

Na ɗaga masa ita, ko kamu ɗaya ba ta kai ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, aljanin da zai tare a wannan ai ya fi ni wahala. Ni dai aiko ni aka yi."

Ya ce ba zai tumɓuke kayan hukuma ba, amma ya san abin da zai yi.

Ba a jima ba na fara ganin ta'asa. Magarya tana fitar da ganye ana tsinkewa, wannan na wankan gawa, wancan na ruƙiyya. Maɗaci ko ƙwari bai yi ba aka fara kankare ɓawonsa don maganin ciki. Na kama wata tsohuwa da wuƙa a hannu, na yi magana, ta ce, "Ɗan nan, ba don mu aka dasa ba?" Abin da mutane suka rage, awaki suka ƙarasa. Tsamiya kuwa kullum na zo da jarka sai in tarar da gindinta a jiƙe, an kewaye ta da ƙaya. Ban tambaya ba, na gode wa Allah na wuce.

Ranar dubawa shugabanmu ya bi layin yana kallon sanduna a tsaye. Ya ce, "Ɗanlami, itatuwa na ba ka ko asuwaki?" Nan take na fara jin warin kwata a hancina.

Muna shan kwana sai ga tsamiya shar da ita, ta kusa ƙuguna, Malam Garba a tsugune da buta yana zuba mata ruwa. Shugabanmu ya washe baki.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Irinku muke nema, masu kishin muhalli."

Malam ya ɗago. "Wane muhalli, Alhaji? Ruwan tofi ne, safe da yamma, don kada aljanu su tare. Ƙayar kuma saboda jikokina."

Shugabanmu ya kalle ni, na kalli ƙasa. Can ya ce duk zagayensa bai ga dashen da ya kai wannan kyau ba, don haka an ɗaga min ƙafa. Aka sake ba ni wasu, wannan karon da keji na waya.

Abin da na koya shi ne, mutanen cikin gari ba ƙin itace suke yi ba. Itacen gida sun san amfaninsa tun daga ganye har saiwa, ba kuma za su jira ya girma ba. Saboda haka kafin ku haƙa rami, ku yi sallama da mai ƙofar ku ji ta bakinsa. In ya ce yana son itacen, ku nemo keji mai ƙarfi. In ya ce tsoronsa yake ji, ku dasa ku tafi ku huta.