Malamar da Aka Sa Ta Yi Shaida a Kan Kanta

A kan bencin tashar mota, wata malamar firamare ta duƙufa kan littafin gwajin jarrabawar ƙarin girma. Hannun rigarta fari fat da alli, muryarta a dishe. Da gani ka san yara tamanin take fama da su a aji ɗaya. Tana karanta tambayar a fili: "An ƙara wa makarantu kuɗi, sakamako bai gyaru ba, saboda haka matsalar ba ta kuɗi ba ce. Wace magana ce ke ƙarfafa wannan hujja?"

Ta ja dogon tsaki. "Wane kuɗi? A ajina ruwan sama kan littattafai yake sauka!"

Wani dattijo da ke gefenta ya ce, "'Yata, ba gaskiya suka tambaye ki ba. Ba su abin da suke so."

"Baba, sau biyu ina faɗuwa a kan haka. Gobe ta uku."

Ta san amsar sarai, tun ɗazu yatsanta ke kai: kayan aiki sun wadata, malamai ne ba su iya ba. Fisabilillahi, wannan wace irin jarrabawa ce? Ta danna biro ta zagaye amsar, har takardar ta huje.