Allo Mai Taya a Kwarmin Jiratawa

Ranar wata Alhamis ce, a tsakiyar bazarar shekarar da na kai izu ashirin, ina ɗan shekara goma sha biyu, na tashi sama a Jiratawa ba tare da fiffike ba. Na tsaya a bakin wani kwarmin siminti da ke ƙarshen garkar Babana, na ɗora ƙafa a kan allo mai taya huɗu, na yi bisimilla, na gangara. Niyyata in na kai tsakiya in karkata, in zagaya jikin kwarmin kamar yadda ludayi ke zagaya ƙwarya. Ashe allon da tasa niyyar. Ya miƙe sak kamar kibiya, ya haura ɗaya gefen, ya zubar da ni a fangalin albasa, shi kuma ya ci gaba da tafiya har sai da ya daki ƙafar jakin maƙwabcinmu. Taubashina Isufu, ɗan Kawu Mamman, ya kwanta a ƙasa yana dariya yana cewa, "Lawali, albasar ba ta isa cira ba, ka bari sai wata mai zuwa!" Na tashi da jini a haɓa da ƙasa cike da baki.

Allon nan ya shigo gidanmu na Sabon Garin Maraɗi ne ta hannun wani maƙwabci mai sayar da gwanjo. Ya kwance dilar takalma ya tarar da shi a tsakiya, ya juya shi gaba da baya bai gane kansa ba, sai ya aiko wa Inna. Ita kuma ta mai da shi abin jan buhun gero daga zaure zuwa bakin turmi, tana yaba katakonsa tana cewa irin wannan busasshen ice zai dafa wake ba tare da an hura ba. Isufu ne ya gano asirinsa. Ya zo hutun lakwal, wato makarantar boko, daga Tibiri, ya ce ya ga irinsa a talabijin ɗin mai shayi, yaran Turawa na hawansa a cikin wani rami mai kama da ƙwarya. Muka fitar da shi layi, tayun suka nutse a rairayi. Muka kai shi kwalta, ’yan kabu-kabu suka kusa mai da mu kilishi. Sai na tuna da kwarmin garkarmu, wanda a da ake tara ruwan ban-ruwa a ciki, aka daina amfani da shi ya bushe, santsinsa kamar cikin akushi. Kowace Alhamis, tunda babu makarantar allo, mukan bi Baba can mu yi ciran ciyawa da tsinkar zogale. Daga ranar ba a sake yi mini kira biyu kafin in fito ba.

A ƙarƙashin allon akwai ƙarafa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne riƙe da taya biyu. Mu ƙafafu muke ce musu. A tsakiyar kowace ƙafa akwai wata ƙatuwar ƙusa da ta ratsa roba biyu, noti ya danne su. In ka taka gefen allon, sai robar ta lotsa, ƙafar ta ɗan karkace. Mu kuwa da muka ga abin yana lilo, sai muka ce ya lalace, muka kai wa Kawu Mamman, ƙanin Inna, mai gyaran moto, wato babur, a bakin tashar Tibiri. Kawu mutum ne da hanyoyin ƙauye suka koya wa darasi guda, ya riƙe shi kamar karatun sallah: "Duk abin da ke motsi, hwaɗuwa yake nema." Ya ɗauko kile, ƙarfen juya noti, ya ɗaure notin har ya tsaya, sannan ya zura wa kilen dogon bututu, ya taka da ƙafa, ya ƙara juyi biyu don albarka. Robobin suka baje kamar waina. Ya miƙo mana yana share gumi, ya ce ko jikokinmu ba za su kwance shi ba. Wannan ɗaurin ne ya kai ni fangalin albasa.

Da muka koma gida Inna ta ga haɓata, ta yi salati, ta dubi allon, ta dubi murhu. Baba ba mai faɗa ba ne. Malami ne da ke rubuta wa mutane wasiƙu da ajami a zaure, maganarsa kuma kamar rubutunsa, a hankali, ba gogewa. Bayan la’asar ya kira ni ya ce, "Ranar da allon ga ya sake hidda jini a gidan ga, Innarku ta samu makamashi." Inna ta ce amin da ƙarfi, kamar addu’a aka yi. Daga nan duk lokacin da za ta hura wuta sai ta duba gwiwoyina tukuna.

Mako ya zagayo muna neman dabara. Isufu ya saci kilen babansa. Muka kwance notin da ƙyar, ɗaya na riƙe da allo ɗaya na lilo a jikin bututu, muka tarar robobin sun tsage. Muka yanka tsohon silifas ɗin Inna muka cusa a madadinsu, muka bar notin sako-sako, tunda ɗauri ne ya cuce mu. Don gudun jini kuwa, na naɗe gwiwa da gwiwar hannu da tsumman buhu, na ɗaura wani a haɓa, na kifa tsohuwar ƙwarya a ka. Isufu ya ce na yi kama da dodon gona da ya gaji da aiki. Na gangara. Wannan karon allon ya yarda ya karkata, har ya wuce yadda aka roƙe shi. Ya kama rawa a ƙarƙashina kamar mai jin sanyi, da na taka gefe sai tayar ta cije katakon, ya tsaya cak, ni kuma ban tsaya ba. Ƙwaryar ta dare biyu. Muka bi jikina muna dubawa kamar masu sayen rago, Allah ya taimake ni, babu ko ɗigo.

Duk abin nan Baba na zaune gindin mangwaro yana feƙe alƙalamin kara, kamar bai san muna duniya ba. Sai ya yafuto mu. Na tafi ina yi wa allon bankwana a zuci. Ya karɓa, ya kifa shi a cinya, ya danna ƙafar da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga alƙalamin da ke hannunsa ya nuna mana tsagar bakinsa, ya ce, "In ta matse, tawada ba ta sauka. In ta buɗe, ta ɓata takarda. Wa ya ce maku ana gyaran alƙalami da yanka guda?" Ya cire silifas ɗin ya jefar, ya aiki Isufu wurin mai injin ban-ruwa ya roƙo guntun roba mai kauri, wadda ba ta kai tayar mota tauri ba. Da wuƙar feƙe alƙalami ya yanka guda huɗu, ya huda su, ya daidaita. Ya ce a riƙa juya notin rabi-rabi, kowane rabi in hau in gwada a ƙasan kwarmin inda babu tudu, in dawo in faɗi abin da ƙafata ta ji. Haka muka wuni. Muka gane cewa ta gaba ita ke neman hanya, sai a ɗan sassauta mata, ta baya kuwa ita ke riƙe mutum, sai a ɗara ta da juyi ɗaya. Da muka dace, Baba ya tsoma alƙalami ya rubuta a cikin allon da ajami: gaba uku da rabi, baya huɗu da rabi.

Rana ta yi sanyi lokacin da na sake tsayawa a baki. Na gangara, na jingina nauyina a dunduniya, allon ya kwanta a jikin simintin ya bi da ni kamar ruwa a kwata. Na zagaya sau ɗaya, sau biyu, sau uku, iska na kaɗa tsumman buhuna, Isufu na tsalle yana ihun cewa kilensu ne ya yi aikin. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba.

Sai Baba ya miƙe, ya tattare babbar rigarsa, ya ce marubuci ba ya ba da alƙalamin da bai gwada ba. Abin da bai lissafa ba shi ne, an daidaita notin ne da nauyin yaro. Yana ɗora ƙafa ta biyu allon ya fice ta gaba, Malam ya zauna daɓas, hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma. Da ya tashi, ga jini a gwiwar hannunsa, ja wur. Wannan karon ko Isufu bai yi dariya ba. Tun daga Jiratawa har Maraɗi Baba na ta jan hannun riga yana rufewa. Amma Inna ba a ɓoye mata jini. Tana zuba masa ruwan alwala ta gani, ta dube shi, ta dubi allon, ta miƙa hannu. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "A gidan ga na ce. Wannan a garka ya hita." Inna ta ce ai na Lawali ma a garka ya fita. Baba ya ce to, hukuncin a kan yara ya yanke shi, kuma malamai sun yi saɓani. Inna ta yi dariya har ta zubar da butar. A ranar dai, da karan dawa aka dafa tuwo. Kawu Mamman kuwa har ya bar duniya yana cewa da an bar ɗaurinsa, da Malam bai faɗi ba.

Yau kwarmin ya tsage, ciyawa ta fito a tsakiya, awaki ke kwana a ciki. ’Ya’yana na nuna mini masu wannan wasa a waya, da kwalkwali da ƙarafa kala-kala, kowane da sunansa. Allon yana nan rataye a zauren da na gada, inda nake zama da nawa alƙaluman, tayunsa sun cinye. Tawadar ta kusa gogewa, amma har yanzu ina iya karanta hannun Baba, Allah ya jiƙansa. Duk sanda na ji ina shirin matsa wa yaro, sai in ɗaga kai in duba, in rage rabin juyi.