Rigimar Benen da Ke Jikin Allo

Gidan da na zauna a unguwar Karama ta Dubai tsohon bene ne mai hawa uku, fentinsa ya koɗe, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗigo wa duk wanda ya bi ta ƙasa ruwa a ka. A bayansa akwai filin yashi. Nan muke ajiye motoci, nan 'yan Pakistan suke wasan ƙwallon sanda ran Juma'a, mu kuma mu shimfiɗa tabarma a gefe idan zafi ya sassauta.

Wata safiya muka tarar an kafa ƙaton allo a bakin filin. An zana wani dogon bene a jiki, duk gilashi, da wurin ninƙaya a samansa. Ba wanda ya nemi shawararmu, kuma ba dalilin a nema, tunda dukkanmu 'yan haya ne, biza ce ta riƙe mu a ƙasar. Duk da haka Alhajin da ke hawa na ɗaya, Bakano mai harkar kago, wato jigilar kaya zuwa gida, ya kira taro a falonsa bayan an sauko daga Juma'a. Da aka ji Hajiyarsa ta tuƙa tuwo, ba wanda ya yi fashi.

"Jama'a," in ji Alhaji, "wannan bene fitina ne. In ya tashi zai tare mini dish. Ina zan kalli ƙwallo?"

Sai wani maƙwabcinmu ɗan zangon Kumasi, mai gadi a wani otal, ya ɗaga hannu da miya a yatsunsa. "Alhaji, da izininka, ni ina goyon baya. Rana tana dukan tagata ba tausayi. Man kaɗen da uwata ta aiko mini ya narke ya zama romo. Benen nan inuwa zai ba ni."

"Malam, ka baro dajin Kumasi ka zo Dubai neman inuwa?"

Gardama ta kaure, aka juyo kaina. Wai ni ne akawu, ni na yi boko, in nuna musu inda inuwar za ta faɗi. Na tsayar da filas ɗin shayi a matsayin sabon bene, kwalin sukari ya zama gidanmu, na kunna fitilar waya ta zama rana. Na ce to, ina gabas?

Alhaji ya nuna inda muke fuskanta in za mu yi salla.

"Ranka ya daɗe, a nan garin alƙibla yamma take."

"Subhanallahi! Shekara nawa ina salla a falon nan? Kana nufin yamma nake kallo?"

"Makka ce ta koma yamma da mu, Alhaji."

"Makka ba ta koma ko'ina ba. Gabas gabas ce. Khalas, magana ta ƙare!"

Dole na fito da rana daga inda ya ce, ta faɗi a inda ya ce, inuwar filas ta sauka a kan kwanon miya. Aka kaɗa ƙuri'a, masu adawa da benen suka yi rinjaye. Ana cikin murna wani ɗalibi ya tambaya wa za mu kai wa hukuncin. Ƙarshe muka sauka ƙasa muka sanar da mai gadin gidanmu, wani dattijon Ba'indiye. Ya saurare mu har ƙarshe, ya kaɗa kai ya ce inshallah, ya ci gaba da wanke mota.

Tunda mun riga mun fito, sai muka ƙarasa gaban allon don mu ƙara ƙin benen da kyau. Muna tsaye Alhaji ya nuna wata baranda ta kusurwa, can wajen hawa na ashirin, ya ce in da zai shiga, ba wai zai shiga ba, to waccan ce tasa. Ɗan Kumasi ya ce a yi haƙuri, shi tun ranar da aka kafa allon ya ɗauke ta.

"Kai da ke neman inuwa me za ka yi da baranda?"

"Kai da ka ce fitina ne fa, Alhaji?"

Sai da aka shiga tsakani. Suka daina gaisawa har azumi ya kama, kowa yana aiko ni in gaya wa ɗan'uwansa cewa shi ya riga gani.

Aka zo aka haƙa rami, aka zagaye shi da kwano, sai kasuwar gine-gine ta faɗi, ma'aikata suka watse. Alhaji ya ce addu'arsa ce. Muka rasa fili, ba mu samu bene ba, muka koma shan shayi a kan matakala.

Na koma unguwar Khabaisi da zama kafin a dawo da aikin. Bayan wasu shekaru Alhaji ya kira ni in zo in yi musu barka, sun tare a sabon benen. Na je na same shi a hawa na ɗaya, wai lif yana sa shi jiri. Ya ja ni taga ya nuna mini tsohon gidanmu.

"Dubi kangon nan, don Allah. Ya ɓata mana unguwa. Ya kamata a zauna a kansa."

Hajiya ta leƙo daga kicin ta ce in dai zama za a yi, a nemi wani falon, ita ta gama tuƙa wa taro tuwo.