Tsohon Adireshin Likitan Keke

Gari bai gama wayewa ba Likita ya riga ya tsuguna a bakin sabon shagonsa, ya jiƙa ƙarafan cikin wani keken ɗinki a gwangwanin kananzir, yana goge su da tsohon buroshi. Keken ma nasa ne. Jiya ya kwance shi ya ɗaure, yau ya sake kwancewa, don kada hannu ya zauna haka nan.

Ba likitan mutane ba ne. Teloli ne suka laƙaba masa sunan shekara talatin da suka wuce, saboda in an kawo masa keke ba ya tambayar abin da ya same shi. Ya taka sau biyu, ya karkata kunne, sai ya ce bel ne, ko ƙwarƙwaron zare, ko kuwa mai shi ne ke yi masa rowar mai. Surutu bai dame shi ba. Ko allo bai taɓa kafawa a ƙofar shago ba.

Maiɗakinsa ce mai dabara. Ita ta sa 'yarsu ta fari ta buɗe wa shagon shafi a intanet, da hoto da adireshi da alama a taswira, aka yi komai da layin wayar uwar. Duk telan da aka yi wa gyara sai ta tsare shi ya rubuta yabo kafin ya tafi. Likita ya yi ta yi mata dariya, wai keke ba ya karatu. Amma aka wayi gari duk wanda ya nemi mai gyaran keken ɗinki a wayarsa, shagon Likita ke fitowa a sama, da taurari biyar.

Da ta rasu, ya kashe wayarta ya sa a akwati tare da zannuwanta. Ya kasa kunna ta, ya kuma hana kowa taɓawa. Bai san layin da ya daɗe a kashe ana karɓe shi a ba wani ba.

Bayan shekara guda mai ginin ya ce yana son shagonsa. Likita ya kwashe kaya ya koma wani lungu bayan masu walda, inda rana ba ta shiga sai da azahar. Tsohon shagon kuwa aka ba ƙanin matar mai ginin, wanda ya zo da niyyar sayar da zare da maɓallai. Sati bai cika ba ya ga mutane na sauka daga babur rungume da kan keke, idonsu a waya, suna tambayar Likita. Sai ya sayi sukundireba da filaya. In an tambaya ya ce Likita ya ɗan fita, shi ƙanensa ne.

Tsofaffin teloli sun gano sabon wurin da ƙafarsu, amma su nawa suka rage? Sababbin waya suke bi. Wata rana 'yar ta zo, ta zauna a kan benci, ta karanta wa uban abin da ake rubutawa a ƙarƙashin sunansa. Taurari sun sauko zuwa biyu. Wani ya ce an mayar masa da keke yana cin yadi. Wata mai ɗinkin labule ta rubuta cewa wannan ba likita ba ne, mahauci ne. Likita ya ce ta sake karanta wannan. Ta sake. Ya ci gaba da murza tsumma a hannunsa.

'Yar ta yi masa bayani. Ana iya buɗe sabon shafi, amma zai zauna can ƙasa inda ba mai leƙawa, tsohon kuma yana nan a sama yana tura mutane ga wancan. In ana son a canza adireshin, sai an shigar da wasu lambobi da za a aiko ta saƙo, kuma layin uwarta za a aika wa.

Ya fara zuwa wurin mutumin da ke tsohon shagon. Ya same shi yana dukan kan keke da guduma. Mutumin bai ko tashi ba.

"Baba, ni ban taɓa cewa ni ne kai ba. Waya ce ta ce. Ka je ka yi faɗa da ita."

Sai ya koma ga layin. Lambar tana kansa, bai nemi a karanta masa ba. Ya kira, ta yi ƙara sau uku, sannan muryar wani ƙato ta ɗauka. Likita ya yi sallama, ya ce layin nan na marigayiya matarsa ne, za a aiko da lambobi shida, don Allah a karanta masa.

"Kai ne mai keken? Wata biyar ana damuna da keke, ni da ko maɓalli ban iya ɗaurawa ba. Yau kuma matarka ce ta mutu?"

"Ta mutu, ɗan'uwa."

"Allah ya jiƙanta in da gaske ne. Lamba kam ko ubana ne ya kira ba zan karanta ba. Mun san irinku."

Ya kashe. Da suka sake kira, an toshe su. Likita bai ga laifinsa ba. Ya ce wa 'yar shi ma da haka zai yi.

Ta ce za ta rubuta wa masu taswirar, a tura hoton sabon shagon da takardu, amma abin kan ɗauki lokaci. Ya ce ta rubuta. Sannan ya tambaye ta ko za ta iya gano inda mai labulen nan take. Ta gano, don matar ta sa sunan shagonta. 'Yar ta roƙe shi in ya je ya ce wa matar ta goge abin da ta rubuta. Ya ɗauki jakar kayan aiki kawai.

Matar ba ta yi murna da ganinsa ba. Da ya ce shi ne Likita, sai ta ce to wancan fa, nas ne? Ta ce keken nan da shi take ciyar da 'ya'ya huɗu, wata guda ke nan yana ajiye a kusurwa, ba za ta sake ba wani ya koyi aiki a kansa ba. Ya ce ta tsaya a kansa ta gani, in ya ɗaga guduma ta kore shi.

Nan ya zauna a ƙasa kan simintin shagonta, tsakanin tulin yadin labule. Ya kifar da kan keken a kan buhu, ya buɗe cikinsa. Can inda ya kamata a ga sukuru, ƙusa ce aka lanƙwasa aka cusa. Ya kama ta da filaya, ya yi ta juyawa a hankali har ta fito. Ya ajiye ta a tafin hannun matar, ya ce ta miƙo masa tsumma.