Mai Sayar wa Gefe Biyu Albarushi

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Iliyasu mai albarushi, mijin ƙanwata Hajara. Ya rasu a shekarar da faɗan da ya taso daga cinikin zabuwa a kasuwa ya cinye ƙauyuka tun daga gefen Yendi har ƙofar Salaga. Ba mu ga gawarsa ba. Wannan ne ya tsaya mini a wuya duk shekarun nan, domin akwai alkawari tsakaninmu: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai tsaya a kansa ya sallace shi. Da dariya muka ƙulla shi, amma alkawari kaya ne.

Iliyasu ɗan zangon Bawku ne. Ya sauko Salaga a shekarar yunwa da gobarar daji, ya kafa rumfa yana sayar da albarushin makoki. A ƙasar nan idan babban mutum ya mutu, kowane ƙauye kan zo da maharbansa, a ɗura wa bindigogi albarushi da tsumma, a yi ta harbi sama. Ƙara ce kawai da hayaƙi, girmamawa ga mamaci. Da gwangwanin madara yake awo, kuma ba ya tauye mudu.

Bai yi nisa a karatu ba, amma rediyo ba ya barin kafaɗarsa. Bayan la'asar zai zo zaurena, ya tarar ina rubutu a allo, ya zauna ya fara.

"Yaya Malam, ka ji? Amurka ta ƙara makaman ƙare-dangi, Rasha ma ta ƙara. Kowa yana da abin da zai ƙone duniya, shi ya sa babu mai harbawa. Kar ta san kar."

"To in ɗayansu ya yi tuntuɓe fa?"

"Manya ba sa tuntuɓe. Kai dai ja carbinka, ka bar mana siyasar duniya."

Ba a rediyo kaɗai ya samo wannan ra'ayi ba. A ɗaya daga cikin rigingimun sarauta na Bawku, ya ga an jawo maƙwabcinsa daga shago an sassare shi da adda a bakin kwata, matarsa na riƙe da ƙafarsa. Ya ce an yi masa haka ne don an san gidansu ko sanda babu. Tun daga ranar ya yanke cewa wanda aka san hannunsa wayam shi ake faɗa wa.

Saboda haka da ƙasa ta fara ɗaukar zafi tsakanin ƙabilu a kan gonaki da sarauta, sai ya ɗauki wata hanya tasa. Yana sayar wa gefe biyu, daidai wa daida. Kuma duk wanda ya saya, sai ya gaya masa abin da abokin gabarsa ya saya. Cewa yake makamin da aka ɓoye ba ya tsorata kowa, sai an san yana nan. A ganinsa shi ne ma'aunin da ke riƙe da ƙasar.

Abin da bai lura da shi ba, kowane dattijo da ya ji lissafin sai ya koma gida ya sayar da akuya, ya dawo ya ƙara. Na tambayi Iliyasu, wa ya mutu ne haka ake kwasar albarushi, alhali ba mu ji ganga ba? Ƙusa ta yi wuya a kasuwa. Masu gyaran keke suka rasa ƙwayoyin ƙarfe. Har fasasshiyar tukunyar ƙarfen Hajara wani ya zo ya saya. Makoki ba ya bukatar ƙusa.

Ranar da abin ya ɓalle, ba dattawan da suka san lissafi ba ne suka fara. Cikin 'yan kwanaki hayaƙi ya tashi ta kowace kusurwa. Na ga waɗanda aka shigo da su Salaga a motocin doya. Wani an harbe shi a ciki da gutsuttsuren tukunya, yana tare hanjinsa da hularsa. Wata mata ta iso da kibiya a kafaɗa, tana goye da yaron da ya riga ya cika tun a hanya, ba ta sani ba, tana jijjiga shi. Rumbuna sun ƙone da dawarsu, rijiyoyi sun cika da mutane. Kowane gefe ya yi, kowane gefe an yi masa. Mun yi ta sallar gawa har muka daina tambayar suna.

Iliyasu bai iya zama ba. Ya ce zai bi hanyar Yendi ya sami dattawan gefe biyu, ya tuna musu cewa ƙarfinsu ɗaya, babu mai cin wani. Hajara ta riƙe rigarsa. Ya ce, "Wa zai taɓa ni? Kowa ya san gwangwanina." Ya hau mota, shi ke nan.

Da ƙura ta lafa na bi ƙauyukan ina tambaya. Babu wanda ya gani, babu wanda ya ji. An yi masa addu'a, Hajara ta yi takaba, amma ni na san ban sauke nawa alkawarin ba.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da duniya. Tarayyar Sobiyet ta wargaje tun yana raye, amma har yau makaman suna nan. Bara Indiya ta gwada nata bom, Pakistan ta mayar da martani. Na tabbata da yana raye zai shigo zaure yana murna, ya ce ga wasu ma sun sami zaman lafiya. Ba zan ce bai da hujja ko kaɗan ba, tun da har yau manyan ba su harba ba. Sai dai na ga yadda tarin makami ke kiran wani tarin, na kuma ga cewa mai saye daban, mai jan kunamar bindiga daban.

A kakar bana, a kasuwar doya, wani tsohon manomi da muke kira Dogo, wanda ya daɗe yana sayen albarushi a wurin Iliyasu, ya ja ni gefe. Hausarsa ta kasuwa ce.

"Malam, mutum naka, ni na bizne shi."

Ya ce samarin ƙauyensu ne suka tare motar. Iliyasu ya sauko yana ɗaga hannu, yana kiran sunayen iyayensu, yana faɗin abin da kowa ya saya. Yaran ba su taɓa zuwa rumfarsa ba. Abin da suka fahimta kawai, ga wanda ya sayar wa maƙiyansu. Ɗaya ya harbe shi a ƙirji, ƙusoshi suka fita ta baya. Dogo ya iso bayan an gama, ya ja shi gindin wata kaɗanya ya haƙa rami da fartanya. Tsoro ne ya rufe masa baki sai yanzu.

"Albarushi nasa ne," in ji shi. "Ni na saya."

Na bi shi. Kabarin ya baje, ciyawa ta rufe shi, sai duwatsun da ya jera. Ba a yi wa Iliyasu wanka ba, ba a sa masa likkafani ba, babu wanda ya sallace shi. Na yi alwala da ruwan goran Dogo, na fuskanci gabas, na yi kabbara huɗu, shi yana tsaye a gefe ya cire hula.

Abin da ya rage na Iliyasu shi ne 'ya'yansa, da shaidar cewa bai taɓa cutar kowa a awo ba, da gardamar da ba mu ƙare ba. Ya so zaman lafiya, ya neme shi a cikin gwangwanin albarushi. Allah ne masanin niyya, Ya gafarta masa.

Kafin mu juya na dafa duwatsun na ce, "Iliyasu, ga Yaya Malam. Na makara, amma na zo."