Layi Biyun da Suka Fitar da Kaka Daga Madina

Ranar Asabar ta ƙarshen hutun sanyi, a shekarar da aka sake buɗe makarantu bayan korona, ina zaune a bakin katifa a gidanmu na unguwar Sih, hancina na zuba, Umma na tsaye a kaina riƙe da tsinken gwaji. Shekarata goma sha uku. Makarantarmu ta aiko saƙo cewa duk yarinyar da za ta koma aji ranar Lahadi sai an yi mata gwajin nan na gaggawa, a tura hoton sakamakon. Layi ɗaya, lafiya lau. Layi biyu kuwa, matan unguwarmu sun riga sun yanke hukunci: ma'aikatan lafiya za su zo har gida, su ƙirga mutane, su nemi iƙamar kowa, wato takardar izinin zama.

Kowa yana da iƙama a gidanmu, ban da Kaka, mahaifiyar Baba. Ta zo umara daga Maraɗi tun ina rarrafe, da ranar komawa ta yi sai ta zauna daram a harabar Masallacin Annabi ta ce ita ta iso. Burinta ɗaya ne a duniya, ta mutu a Madina a binne ta a maƙabartar Baƙi'a, kuma ko ana cin abinci sai ta faɗa. "Ƙawata, ni fa kwanciya na zo yi," haka take ce min. Ɗakinmu ɗaya da ita. Ni nake shafa mata man zafi a gwiwa, ni nake kai shanyarta saman gida, inda muke carafke da ƙwallayen dabino, tana yi min maguɗi ƙiri-ƙiri, in na yi magana ta ce tsufa ne.

Tun ranar Laraba da mura ta kama ni babu abin da ba a yi wa hancina ba. An yi min sirace da tazargade har sai da na ga jiri, an ɗiga min man habbatus sauda, an ɗura min zamzam. Duk da haka, da Umma ta ɗiga ruwan gwajin, layi na biyu ya fito, da farko dishi-dishi, daga baya ya yi jawur. Baba ya ruga kantin magani a Anbariyya ya sayo wani, shi ma haka. Na durƙusa ina kuka, ina roƙon a sa tsinken a hancin ƙanena a tura hoton nasa. Baba ya ce, "'Ya'yan mutane fa da ke ajinku? La, ba zan yi ba." A lokacin na ji haushinsa kamar in mutu.

Dabarar da ya ga ta rage ita ce a fitar da Kaka kafin a tura hoton. Ƙanensa, Baffa Idi, yana aiki a gonar dabino a Badar, bayan la'asar sai ga shi da motar gonar. Kaka ta riƙe ƙofa da hannu biyu. "Audu, daga garin Manzo za ka fitar da ni? Me na yi maka?" Baba ya tsuguna a gabanta, hawaye na bin gemunsa. "Inna, sati biyu kacal, wallahi, halas, shi ke nan, sai ki dawo." Ni an hana ni matsowa kusa da ita. Ta taga na ga an ɗaga ta an sa a mota, tana waiwayen wajen Harami, Masallacin Annabi.

Babu wanda ya zo. Makaranta ta amsa da cewa in zauna gida, Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan. Muka yi ta kasa kunne ga ƙofa, ko mai kawo gas bai buga ba. Rana ta biyar Baffa ya kira ya ce Kaka na tari, kuma ba sai an gaya min daga wa ta ɗauka ba. Tsoron takarda ya hana a kai ta asibiti da wuri. Rana ta tara ta cika. Ba wanda ya iya ɗauko gawar da ba ta da iƙama ya bi da ita shingayen hanya, sai mai gonar ya tsaya aka yi abin da ya kamata, aka binne ta a can.

Yanzu tsinkayen gwajin nan suna jibge a kantin magani ba mai kallonsu, ƙannena kuma suna komawa makaranta ba a ko leƙa hancinsu. Ni kuwa duk ranar da na fito daga Masallaci na ga an ɗauko makara an nufi Baƙi'a, sai in tsaya jikin katanga inda mata ke tsayawa, har ta shige. Mutane suna ba ni haƙuri, suna cewa Badar ma ƙasar shahidai ce. Gaskiya ne. Amma ba can ta ce ba.